Ranar da Yaya Ya Goge Hanya

Yayana bai taɓa taka ƙofar jami'a ba, amma shekara da shekaru ke nan ba wanda yake kiransa da wani suna sai Injiniya, shi kuma bai taɓa cewa a daina ba. Ni kaɗai nake ce masa Yaya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, in yana tafiya sai ka ɗauka ana jiransa a wani wuri. Mutumin kirki ne, wannan ba zan danne masa ba, don shi ya ɗauki nauyin karatuna bayan rasuwar Baba. Sai dai tun muna yara bakinsa ba ya iya furta "ni na yi". In ya fasa kofi, kofin dama a tsage yake. In ya makara, agogon ne ya yi ƙarya. Inna takan ce ko kama shi aka yi da hannu a cikin tukunya, zai ce tukunyar ce ta biyo hannunsa.

Da hawan falwaya ya fara neman abinci, lokacin da ake ja wa gidaje wayar tarho. A nan ya haɗu da Dogo. Mutum biyu ake turawa kowane aiki, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa riƙe da tsani, kuma su biyun nan aka haɗa. Dogo siriri ne, marar hayaniya, sai ya yini bai yi maganar da ta cika cokali ba, shi kuwa Yaya ko a saman falwaya surutu yake. Ban san yadda aka yi suka jitu ba, amma sun jitu, har ya zama in an zuba abinci a gidanmu sai an ware na Dogo. Ni Yaya Dogo nake ce masa tun ina 'yar makaranta.

Da wayar hannu ta shigo, kamfanin ya sallame su duka. Yaya ya koma gida yana gyaran fanka da dutsen guga, yana faɗa da kowa. Dogo ne ya zo ya ja shi kusan da ƙarfi zuwa wani aji da ake koyar da haɗa kwamfutoci, suka zauna a benci ɗaya da yaran da suka haifa. Abin mamaki, kan Yaya ya ɗauka, ya ma fi na Dogo ɗauka. Ya dawo gida da sabon ciwo, wato bayani. Ba wanda ya tsira, har Inna da ko wayar hannu ba ta yarda ta riƙe ba.

"Inna, saƙon nan da kike gani ba a dunƙule yake tafiya ba," in ji shi. "Yanka shi ake gunduwa-gunduwa, kowace a manna mata adireshin inda za ta da na inda ta fito. A hanya akwai wasu akwatuna, rauta ake ce musu. Ba wanda ya san duniya duka a cikinsu, kowa maƙwabtansa ya sani. Gunduwa ta zo, ya duba adireshi, ya ce wannan ta wajen wane ce, ya miƙa masa, shi ma ya miƙa gaba. In kuma bai gane adireshin ba, akwai babbar hanya guda da aka nuna masa, an ce duk abin da ka rasa inda za shi, tura ta nan."

Inna ta gama saurare ta ce, "Ashe gulma ce kuka je kuka koyo. Daga wannan baki sai wancan."

Dogo ya samu aiki a wani kamfani mai sayar da layin intanet, yana yawo a motar aiki yana duba layukan mutane. Yaya ya yi ta 'yan ayyuka nan da can, har aka nemi mai kula da kwamfutoci a inda nake aiki, na tsaya masa aka ɗauke shi. Wurin gwajin jini ne, ni ce a teburin karɓar mutane. Muna da babban ofis inda injinan gwaji suke, da reshe a can ɗaya gefen gari inda ake ɗibar jini a kuma miƙa wa mutane sakamakonsu. Jini ya zo mana a mota, sakamako ya koma musu ta kwamfuta. Layin da ya haɗa mu da reshen na kamfanin su Dogo ne, kuma Dogo ne mai kula da mu a wajensu. Tsofaffin abokai sun sake riƙe waya ɗaya, kowa da bakinsa.

An ba Yaya wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin bene. Sanyi kamar cikin firij, ga ƙaramin kabat na ƙarfe cike da akwatuna masu ƙyafta fitilu, ga butar shayi a ƙasa, ga kujerarsa mai karyayyen hannu da ya ɗaure da shuɗiyar waya. A kan kujerar nan yake mulki. Ya tsani zuwa reshe saboda cunkoson hanya, kuma ba ya buƙata, don daga nan yake shiga cikin rautar reshen ta layi ya gyara abin da zai gyara. Duk sabon ma'aikaci sai an kai shi ya ji wannan kirari.

"Ka ga reshen can? Daga nan nake riƙe da shi. Ko takalmi ba na sawa."

Kuma gaskiya ya iya. Shekaru muka yi ba mu san wani abu wai shi layi ya yanke ba. Wannan ne ma ya ƙara masa nauyin kai.

Dogo kuwa al'amura sun fara yi masa tsauri a wajen aikinsa. Kamfanin ya cika da samari masu takardu, ana ta neman dalilin rage tsofaffin hannu. An riga an ja masa kunne a kan wani ƙorafi da ba shi da hannu a ciki, an ce in aka sake kawo ƙararsa, shi ke nan. Yaya ya san da wannan sarai. A falonsa Dogo ya faɗa, ina zaune, har Yaya yana buga cinya yana cewa azzalumai ne.

To, kamfanin su Dogo suka kafa sabon akwati a unguwar reshenmu. Dogo ya kira Yaya ya ba shi sabon adireshi, ya ce tsohon da sabon duk suna aiki a yanzu, ya sauya babbar hanyar rautar reshe a lokacin da ya ga babu jama'a. Aikin rubutun layi biyu ne. A fara rubuta sabuwar hanya, a ga ta kama, sannan a goge tsohuwa. Ko ni da nake jin abin a gefen kunne na san haka ake yi, don Yaya da bakinsa ya sha faɗa.

Sai ya zaɓi safiyar Litinin, lokacin da benci ya cika har waje. Na shiga ɗakinsa in ce masa injin buga takardata ya ƙi, na tarar da shi kofin shayi a hannun hagu, yana dannawa da na dama, yana ba wani sabon ma'aikacin ɗakin gwaji labarin yadda yake riƙe da reshe. Ido a kan mai sauraro, baki na zuba, ya danna. Allon ya tsaya cak. Ya sake dannawa, shiru. Na ga kofin ya sauka a hankali. Ya sallami mutumin da cewa yana da aiki, ya jawo kujera, gumi ya karyo masa a cikin wannan uban sanyi.

Ya manta ina tsaye. Na ji ya ce ƙasa-ƙasa, "Innalillahi. Tsohuwar na fara gogewa. Na kulle ƙofa, makulli na ciki."

Abin da ya faru ke nan. Hanyar da ya goge ita ce wadda shi kansa yake bi yana magana da akwatin. Yanzu saƙonsa yana isa reshe, amma akwatin bai san ta inda zai maido amsa ba. Ya kira reshe ya ce su kashe su kunna. Suka yi, a banza, don irin akwatin nan ne da yake riƙe gyara nan take. Magani ɗaya ya rage, mutum ya ɗauki ƙafa ya je can, ya soka waya a jikin akwatin ya rubuta layi guda. Da ya tashi a lokacin ya tari mota, da kafin azahar an manta da zancen.

Kafin ya motsa sai ga Manaja a bakin ƙofa, waya a kunne, reshe na ta kuka. Mace ce mai zafin nama, ba ta san jira ba.

"Injiniya, me ke faruwa? Mutane sun cika reshe, ba sakamako ko ɗaya."

Na dubi Yaya. Ya gyara zama, ya haɗe rai, ya ce, "Ranki ya daɗe, daga wajen masu layi ne. Kin san sun yi sauye-sauye kwanan nan."

Wallahi sai da na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Manaja ta juya tana neman lambar shugaban su Dogo, tun daga kan bene muke jin muryarta. Na tura ƙofa na rufe.

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Na ji abin da ka ce fa."

"Me kika ji? Ke me kika sani a aikin nan?"

"Na san Yaya Dogo za a kira. Ka manta abin da ya faɗa a falonka?"

"Ba abin da zai same shi. Layi ya yanke, layi ya dawo, kullum ana yi. Je ki kama aikinki, Auta."

Borin kunya ne kawai, ko idona ya kasa kallo. Na fita ina huci, na zauna a teburina ina amsa gaisuwar mutane da fuskar da ba tawa ba.

Dogo ya iso da jakarsa, rigarsa jiƙe a baya. A kan teburina ya buɗe kwamfutarsa, Manaja a tsaye a kansa, Yaya a gefe hannu a aljihu. Ya yi abin da suke kira bin sawu, wato a tura saƙo a sa kowane akwatin da ya bi ta kansa ya amsa sunansa. Namu ya amsa. Na kamfaninsu suka amsa ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, wanda yake maƙwabtaka da reshe. Daga nan shiru. Sai ya kira wani abokin aikinsa a ofishinsu ya ce ya ƙwanƙwasa wa akwatin reshenmu daga wannan na ƙarshen.

"Ya amsa?" in ji Dogo. Ya saurara. "To, na gode."

Ya amsa. Akwatin na da rai, layin na da rai. Akwatin yana iya amsa wa maƙwabcinsa na jikin bango, don wannan ba ya buƙatar a nuna masa hanya, na nesa ne ya rasa ta inda zai mayar masa. Dogo ya ɗago ya dubi Yaya sau ɗaya, ba harara, ba komai, ya mayar da kansa ƙasa.

"To, laifin wa?" in ji Manaja.

"Ranki ya daɗe, sai mun je mun gani. Injiniya, zo ka raka ni."

Manaja ta sa aka buga sakamakon mutanen reshe a takarda, ta danƙa mini ambulan ta ce in bi su in raba da hannu. Haka na tsinci kaina a kujerar baya, tsakanin naɗin waya da akwatin kayan aiki, ina kallon ƙeyar mutum biyu da na girma a gabansu.

Muna hawa titi Dogo ya kashe rediyo. Bai bi ta gajeriyar hanya ba, ya ɗauki wadda ta zaga ta bayan kasuwa, inda motoci ke tafiya kamar masu ciwon ƙafa. Yaya, mutumin da ko a saman falwaya ba ya shiru, ya ƙura wa taga ido. Can Dogo ya yi gyaran murya.

"Mutumina, ka kai ga sauya adireshin nan kuwa?"

Na riƙe numfashi. Ba Manaja, ba kowa, daga shi sai abokinsa sai ƙanwarsa.

"Ban kai ga yi ba tukuna," in ji Yaya.

Dogo ya gyaɗa kai. Ya ci gaba da tuƙi. Ni kuwa na sunkuyar da kai a kan ambulan, kunya ta rufe ni har ina jin kunnuwana na zafi, kamar ni na yi ƙaryar. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da mai maganar nan, kuma ni na kawo shi wurin.

A reshe mutane sun gaji da zama, wasu a tsaye, wata tsohuwa ta shimfiɗa mayafi a ƙasa. Na fara kiran sunaye ina miƙa takardu. Rautar tana cikin wani kabat a bayan teburin, ina ganinsu ta gefen ido. Dogo ya zaro gajeriyar waya daga jakarsa ya miƙa wa Yaya tare da kwamfutarsa.

"Riƙe mini wannan. Bari in hau rufi in duba eriya."

Ba abin da ya sami eriya, duk mun sani. Fili ya ba shi. Yana fita Yaya ya durƙusa ya soka waya, ya rubuta layinsa guda. Nan take injin buga takarda na reshe ya farka ya hau aman sakamako, ma'aikata suka yi shewa. Yaya ya zare waya ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. Dogo ya sauko, tafin hannunsa duk tsatsar tsani. A gaban ma'aikatan reshe duka, Yayana ya dube shi ya ce:

"Ka ga ya dawo. Me ka taɓa a saman?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Dogo ya tsaya yana goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Wata waya ce ta yi sako-sako," ya ce. "Na ɗaure."

Abin da Dogo ya faɗa wa shugabansa ke nan, abin da aka faɗa wa Manaja ke nan. Ita kuwa ta riga ta yi musu barazanar komawa wani kamfani. Kafin mako ya fita aka ce Dogo ya miƙa makullin mota ya je gida ya huta, za a neme shi. Kowa ya san irin wannan neman.

Na daina gaida Yaya. A ofis in wuce ƙofarsa kamar bango, a gida matarsa ta yi ta tambayata me ya haɗa mu, in ce ta tambayi mijinta. Ya rame, ya daina kirarin kujera, shayinsa ya riƙa hucewa a kofi. Ranar da na ji an ba wani yaro motar Dogo, na shiga ɗakin nan mai sanyi na ce masa ko ya hau bene wajen Manaja da ƙafarsa, ko in hau da tawa. Ya daɗe yana kallon fitilun akwatunansa, sannan ya sa takalmi.

Ina jin su ta ƙofa. Ya faɗa duka, tun daga shayin har zuwa rufin. Manaja ta wanke shi tas, sannan ta kira shugaban su Dogo ta ba da haƙuri ta ce kuskuren daga wajenmu ne. Aka yi mata godiya da ladabi, aka ce sai dai an riga an cike gurbin. Shi kuwa Yaya ba ta kore shi ba, don ba wanda ya san kan wayoyin gidan sai shi. Har yau yana kan kujerarsa ana ce masa Injiniya, kuma na ga yadda sunan yake sukarsa duk lokacin da aka faɗa.

Ranar hutu ya zo gidana da safe, ya tsaya a ƙofa kamar baƙo.

"Auta, ki raka ni wajen Dogo. Ba zan iya shiga ni kaɗai ba."

Mun same shi a tsakar gida ya kwance tsohon babur ɗinsa, sassan a jere a kan buhu. Ya tare mu da fara'a, ya jawo mana benci, matarsa ta kawo ruwa ta koma ciki ba ta zauna ba. Yaya ya riƙe kofi da hannu biyu. Ya fara magana ya sarƙe, ya sake farawa. Dogo ya bar shi ya kai ƙarshe, yana juya wani ƙaramin ƙarfe a hannu.

"Ai na sani," ya ce. "Tun a teburin Auta na sani. Aikin kuma kada ya dame ka, dama neman hanyar kora ta suke, in ba wannan ba wani ne."

"Dogo, ka yafe mini."

"Na yafe. Amma bari in faɗa maka abin da ya tsaya mini a wuya. Na kashe rediyo. Na bi ta bayan kasuwa don hanya ta yi tsawo. Da ka ce mini, Dogo na yi ɓarna, rufa mini asiri, wallahi da na rufa, in ɗauki laifin da hannu biyu, in dawo gida raina fari. Abin da zan yi ke nan ko ta yaya, kuma shi na yi. So nake kawai in ji daga bakinka. Sai ka bari na sauko daga rufi ka tambaye ni me na taɓa."

Ruwan kofin Yaya ya riƙa zuba a kan wandonsa, bai ma sani ba. Ni ma na kasa ɗaga kai, hawayen kunya na ɗiga a kan jakata. Dogo ya ce masa ya sha ruwansa, ya kasa kai shi baki, ya ajiye a ƙasa.

Da muka miƙe Dogo ya ce mu gaida gida, ya ce in gaida yara, ya sake tsugunawa a gaban babur ɗinsa. Muka fito mu biyu. A bakin ƙofa Yaya ya ɗan dakata, yana sauraron ko zai ji takun ƙafa a bayanmu. Tun zamanin falwaya, bai taɓa barin gidan nan Dogo bai rako shi har bakin titi ba. Muka tsaya jim, ba mu ji komai ba sai ƙarar sufana a kan ƙarfe.